Jitar Bahago

Ƙarfe goma sha ɗaya saura na safiyar Alhamis wani mutum ya shigo ofishin 'yan sanda rungume da akwatin jita kamar wanda ya ɗauko marar lafiya. Ya ƙi ajiye shi a ƙasa, ya ce shi babba yake son gani.

Sufeto ce ke bakin aiki. Mace ce mai shekara arba'in da ɗoriya, ba ta da yawan magana, shi ya sa masu laifi kan raina ta a farkon zama. Ta nuna masa kujera, ya ja ta da hannun hagu.

"Bahago ake ce mini," in ji shi. "Kiɗa ne sana'ata. An yi mini sata."

"Me aka sace?"

Ya buɗe akwatin. Jitar lantarki ce sabuwa fil, ƙamshin fenti bai sake ta ba. Ya nuna wasu baƙaƙen abubuwa biyu masu tsawon yatsa a ƙarƙashin tsirkiyoyin.

"Maɗaukan sauti ke nan. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar waya. Su ke jin motsin tsirkiya su aika wa lasifika. In babu su, wannan katako ne kawai."

Saje, wani dattijo mai tumbi da ke tsaye bayan Sufeto, ya leƙo. "To ai ga su nan, malam."

"Ba su ba ne. Nawa na jitar mahaifina ne, Allah ya ji ƙansa. Rufin ɗaki ya faɗo mata, su kaɗai suka tsira. Na kai su shagon Baba mai ƙera jita, ya yi mini sabuwa ta 'yan hagu ya saka su a ciki. Wata huɗu ina jira. Yau na je karɓa, bugu ɗaya na yi na san ba muryar da na tashi ina ji ba ce. Waɗannan 'yan kasuwa ne, sababbi aka sayo aka saka."

"Wa kake zargi?"

"'Yarsa, Auta. Ita ta haɗa wayoyin."

Sufeto ta ɗauki hularta.

Shagon ɗaki biyu ne a jere. Na gaba na katako ne, garin zarto har idon sawu, wuyan jitoci rataye a bango. Na ciki ƙarami ne, tebur ɗaya da fitila mai lanƙwasa wuya, da ƙarfen narka dalma a mazauninsa.

Mutum uku suka tarar. Baba, tsoho mai kaurin tabarau, yana zaune a kan benci. Gwani, babban ma'aikacinsa, yana goge wani katako. Can a lungu wata budurwa tsaye, ta haɗe hannuwa, idonta a ƙasa. Ita ce Auta.

"Ranki ya daɗe, shekara arba'in ina wannan sana'a, ɗan sanda bai taɓa tako mini shago ba," in ji Baba. "Idona ya yi rauni, na ba ta teburin wayoyi, na ce ai ta yi karatun lantarki. Wannan ce jita ta farko da ta haɗa ita kaɗai. To a gabanki nake faɗa: in har ita ce, ku tafi da ita, kuma ba za ta sake riƙe ƙarfe a shagon nan ba."

"Baba, a yi haƙuri," Gwani ya ce yana karkaɗe hannu. "Ni ban ce sata ta yi ba. Tsofaffin maɗaukai ba sa son zafi. Ƙila ƙarfe ya daɗe a kai ta ƙona su, tsoro ya sa ta jefar ta sayo wasu. Yarinta ce."

Saje ya shiga ɗakin ciki ya jawo aljihun teburin. Ya fito da kwali biyu, babu komai a ciki, hoton sababbin maɗaukan a jiki.

"Aljihun teburinki ne?" Sufeto ta tambayi Auta.

Ta gyaɗa kai.

"Kwalayen fa?"

Ta girgiza kai.

Sufeto ta san irin wannan shirun, don ita ma da shi ta girma. Akwai mai shiru don yana ɓoye abu, akwai kuma wanda idon mutane ne ke ɗaure masa harshe. Ta ce kowa ya tsaya inda yake, ta karɓi jitar daga hannun Bahago, ta ja Auta ɗakin ciki ta rufe ƙofa.

"Ba sai kin yi mini bayani ba," ta ce. "Nuna mini aikin kawai, kamar ni sabuwar ɗalibarki ce."

Hannun Auta ya fi bakinta magana. Ta jona jitar da lasifika, ta taɓa tsirkiya ɗaya, ta kai yatsa kan ɗan mamurɗin da ake ƙara sauti da shi ta murɗa. Maimakon ƙarar ta ƙaru sai ta mutu.

Ta tsaya cak. Ta murɗa ɗaya ɓangaren, ƙarar ta dawo.

"Ba haka na haɗa shi ba," ta ce a hankali.

"Yaya kika haɗa shi?"

"Baibai. A jitar kowa, dama ake murɗawa ƙara ta ƙaru. Shi kuwa Bahago da ƙaramin yatsan hagu yake murɗawa yana cikin kiɗa. Ya roƙe ni in juya masa, in ya murɗa hagu ta ƙaru. Na yi masa haka. Na gwada ranar Litinin kafin in rufe."

Ta kife jitar a kan tsumma, ta kwance noti huɗu, ta ɗage murfin baya. Sufeto ta sunkuya, sai makullin da ke rataye a wuyanta ya yi tsalle ya manne a jikin sabon maɗaukin da ke leƙowa ta gefe.

"Maganaɗisun ne," in ji Auta, har ta ɗan yi murmushi. "Duk ƙarfen da ya matso sai ya kama."

Ta jawo fitila ta nuna da tsinke. Bayan mamurɗin akwai 'yan ƙafafu uku. A ƙafar gefe ɗaya akwai ragowar dalma mai duhu, an cire wayar da ke kai. A ɗaya gefen an liƙa wayar da dalma mai ƙyalli kamar azurfa.

"Mai duhun tawa ce, dalmar zamani nake aiki da ita. Mai ƙyallin irin ta da ce, ban taɓa amfani da ita ba. Kuma dubi nan, an lanƙwasa bakin wayar an saƙala ta kamar ƙugiya kafin a liƙe. Ni zura ta nake yi a miƙe."

"Wa kika gaya wa kin juya masa mamurɗin?"

"Ba kowa."

"Har Baba?"

Ta sunkuyar da kai. "Zai ce ba haka ake yi ba."

"To ci gaba da shirunki," in ji Sufeto. "Yau zai yi miki amfani. Mayar da murfin."

Ta fita ta ja Bahago gefe. Ya ce ƙwarai shi ya roƙi a juya masa, da safe ma ya lura ba a yi ba, ya ɗauka mantawa ta yi, abin ya ƙara masa haushi. Ta ce shi ma ya riƙe bakinsa.

Sai ta zauna kusa da Baba a kan benci.

"Baba, in za ka liƙa waya, yaya kake yi?"

"Ƙugiya ake yi mata tukuna. Ko dalma ta saki, waya ba za ta fita ba. Haka aka koya mini, haka na koya wa duk wanda ya zauna a gabana. Auta ce dai ta zo da na makaranta."

"Mutum nawa ka koya wa da ke nan kusa?"

"Gwani kaɗai ya rage. Shekararsa ashirin da biyu tare da ni."

"Kai fa, yaushe rabonka da ƙarfen dalma?"

Tsohon ya ɗaga hannuwansa biyu ya miƙa mata. Rawa suke yi kamar ganye a iska.

"Jiya ina kuke?"

"Asibitin ido, ni da ita. Tun safe sai la'asar. Layi ne ba na wasa ba."

"Shagon fa?"

"Gwani na bari. Shekaranjiya ya dawo daga sayen katako, tun Juma'a ya tafi."

Azahar ta yi, Saje ya fara duba agogo yana shafa ciki. Sufeto ta yi kamar ba ta gani ba, ta nufi teburin Gwani. Teburi ne na mai tsari, kowane kurfin sassaƙa a ma'ajinsa, gefe guda kuma tulin guntayen tsirkiya da aka yanke.

"An ce kai ne gwanin gidan," ta ce.

"Haka dai mutane ke faɗa."

"Jiya ka taɓa jitar nan?"

"Ni? Tun da aka ba ta teburin can na sallama lantarki. Na dawo Talata na tarar da ita a rufe cikin akwati, ko murfin ban ɗaga ba. Jiya ma kaina ke ciwo, ina nan ina goge katako."

"Wani ya shigo?"

"Masu tambayar farashi dai, ba wanda ya wuce ƙofar nan."

Sufeto ta yi ajiyar zuciya, ta rage murya kamar mai neman shawara. "Gaskiya ni ban san komai a harkar nan ba, kuma yarinyar ta ba ni tausayi. Ta nuna mini aikinta, na ga kamar ta ƙware. Anya ba ta kai ka ba? Wasu ma za su ce karatun nan ya sa ta wuce ka."

Gwani ya ajiye takardar gugar da ke hannunsa.

"Wuce ni? Ranki ya daɗe, takarda daban, aiki daban. Yarinyar da ko ƙafar mamurɗi ba ta iya bambancewa ba? Ta ɗauki wayar dama ta kai hagu, ta hagu ta kai dama. Ɗan koyo na wata uku ba zai yi wannan kwaɓar ba."

"A wace jitar?"

"A wannan mana."

"Yaushe ka gani?"

Gwani ya sake ɗaukar takardar gugar.

"Ranar Litinin ta haɗa ta rufe, kana can wajen katako," in ji Sufeto. "Ka ce ko murfi ba ka ɗaga ba. Yanzu kuma in ka buɗe, wayoyin daidai suke irin na kowa. To a ina ka ga baibai?"

"Ji na yi ana faɗa."

"Daga wa? Baba, ka sani?"

"Yanzu nake ji," tsohon ya ce, yana miƙewa da ƙyar.

"Ba kwaɓa ba ce, malam," in ji Bahago. "Ni na ce ta yi mini haka. Ba ka ga da wane hannu nake gaisawa ba?"

Duk da haka Gwani ya dake. "Ko na buɗe, gyara na yi. Gyara ba sata ba ne. Ku caje ni, ku je gidana ma ku caje."

Saje, wanda tun ɗazu idonsa ke kan kantar da ke saman teburin, ya yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe, ni abu ɗaya ke damuna. Rana ta raba, mutum yana da robar abinci a rufe a kusa da shi, bai ci ba, bai yi wa baƙo tayi ba. Wannan ko a wurinmu laifi ne."

Sufeto ta ɗaga kai. Farar roba ce siririya mai murfi. A gefenta guntayen tsirkiya uku sun maƙale, ba manne ba zare, sun tsaya cirko-cirko. Ta sauko da robar, ta matso da makullinta, ya manne.

"Abincinka da ƙarfi, Gwani," in ji Saje.

Ta buɗe. A ciki, naɗe da sabon ƙyalle mai taushi, ga maɗaukai biyu, tsofaffi, gefensu ya goge don daɗewa.

Gwani ya zauna a kan tulin katako.

"Ba sayarwa zan yi ba," ya ce. "Wallahi ko ƙwarzane ba su yi ba. Cewa na yi in Baba ya kore ta daga teburin, bayan kwana biyu in ce na tsinto su a shara na gyara, in saka da hannuna."

"Don me?" Baba ya tambaya.

"Shekara ashirin da biyu, Baba. Ni ke share shagon nan tun tana rarrafe a cikin garin zarto. Ranar da idonka ya gaza na ce to, lokacina ya yi. Sai ka wuce ni ka kira ta. Ko shawara ba ka yi da ni ba."

"Kwalayen da ke aljihun teburinta?" in ji Sufeto.

"Ni na saka."

"Abu ɗaya ban gane ba. Kana so a ga gazawarta, ka tarar da abin da kake zaton kuskurenta ne. Me ya sa ba ka bar shi ba?"

Gwani ya dubi hannuwansa, ya yi wata guntuwar dariya marar daɗi.

"Na rufe murfin, har na ɗaura noti biyu. Na kasa. Jita ta fita daga shagon nan da waya baibai? Na sake buɗewa."

Saje ya zaro ankwa ya saka masa, a hankali, ba tare da ya murɗe masa hannu ba.

Sufeto ta juya ga Bahago. "Kafin in rubuta, sai mai kaya ya tabbatar nasa ne. Su ne?"

Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya. "Sun yi kama. Amma irinsu da yawa a duniya. Ni da kunne na san su, ba da ido ba."

"To sai a saka su mu ji. Doka ce ta buƙata." Ta dubi Auta. "Akwai mai iya aikin a nan?"

Auta ta dubi mahaifinta. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ta ɗauki jitar ta shiga ciki, wannan karon ƙofa a buɗe, mutum biyar a kanta.

Da ta kunna ƙarfen, ƙaurin dalma ya tashi, sai ta manta da su. Ta sassauta tsirkiyoyi, ta cire 'yan kasuwan ta ajiye gefe, ta zaunar da tsofaffin a ramukansu, ta zura wayoyinsu ta cikin katako. Ta mayar da wayar mamurɗin ƙafar da ta sa ta tun farko.

Da ta zo kan tsohuwar wayar maɗaukin, ta ga zaren da aka naɗe wayar da shi duk ya bushe, sai ta ɗan dakata.

"Ki fara shafa wa ƙafar dalma tukuna," in ji wata murya daga bakin ƙofa. Gwani ne, hannuwansa a ɗaure. "Sannan ki kawo wayar, ki taɓa ki ɗauke. Tsohuwa ce, ba za ta jure ba."

Saje ya buɗe baki zai kwaɓe shi, Sufeto ta ɗaga masa yatsa.

"To, Kawu," in ji Auta, ba ta ɗago ba. Ta yi yadda ya ce.

Minti arba'in aikin ya ci. Ta ɗaure murfin, ta ja tsirkiyoyi, ta miƙa wa Bahago da hannu biyu.

Ya rataya ta, ya daidaita sauti, ya buga. Wata murya ta fito daga lasifikar, mai kauri, mai ɗan dishi-dishi kamar ta dattijon da ya tashi daga barci. Ƙaramin yatsansa ya sauka kan mamurɗin ya tura shi hagu, muryar ta kumbura ta cika ɗakin har garin zarton da ke kan kanta ya motsa. Ya yi ta kiɗa idonsa a rufe. Mai shagon ɗinki na maƙwabta ya tsayar da kekensa.

Da ya tsaya, sai da ya share fuska da hannun riga kafin ya iya magana.

"Su ne. Rubuta, ranki ya daɗe." Ya juya ga Auta. "Ƙanwata, na ci mutuncinki a gaban mahaifinki. Ki yafe mini."

"Ba komai," ta ce da murya ƙasa-ƙasa.

Baba ya lallaɓa ya karɓi jitar, ya shafa mamurɗin da yatsa, ya tura hagu, ya dawo da shi dama.

"Shekara arba'in ina yi wa 'yan hagu jita," ya ce, "ban taɓa tambayar ɗayansu ta ina yake son murɗawa ba. Ke kuma kin yi abu mai kyau kin ɓoye kamar kin yi ɓarna. Gobe in za ki saɓa mini, ki faɗa mini a fuskata, kin ji?"

"Na ji, Baba."

"Akwai jita biyu a bango suna jiran waya. Ba su za su haɗa kansu ba."

Saje ya kama gwiwar hannun Gwani suka nufi mota. Bahago ya biyo Sufeto har bakin titi yana rungume da akwatinsa.

"Ranki ya daɗe, in na ce na janye ƙara fa? Kayana sun dawo lafiya."

"Sai ka zo ofis ka faɗa a rubuce. Amma ba kai kaɗai ya yi wa laifi ba, akwai wadda ya so ya shafa wa kashin kaji. Sai an ji ta bakinta. Yau dai zai bi mu."

Suna buɗe ƙofar mota sai ga Auta ta fito da sauri, riƙe da hular Gwani da ya bari a kan ƙusa. Ta tsaya a gabansa, ga mutanen layi sun fara taruwa, amma wannan karon ba ta kalli ƙasa ba.

"Kawu, zan zo ofishin gobe, ni da Baba," ta ce. "Abin da ka yi mini zan faɗe shi duka, ba zan rage ba. In an gama kuma, wuyan jitar can da ka fara, ba wanda zai taɓa shi."

Da yake hannuwansa a ɗaure suke, ita ta ɗora masa hular a ka. Gwani ya kasa haɗa ido da ita. Ya sunkuya ya shiga mota, Saje ya rufe ƙofa.